Riyad, Alhamis da dare

Bayan la'asar na kai Kawu gidan tarihi na ƙasa da ke unguwar Murabba. Ya daɗe a Jidda yana walda, amma asalinmu maƙera ne, a gaban zuga-zugi ya tashi. Muna shiga ya ja ya tsaya cak gaban wani curin ƙarfe da ya haura tan 2. Daga sama ya faɗo, a Wabar, can cikin hamadar Rub'ul Khali, inda Philby, wani Bature mai yawon bincike, ya ga ramukan da faɗowar ta bari a 1932. Ƙarfin faɗuwar ya narkar da yashin wurin har ya koma baƙin gilas.

"Ba wuta, ba gawayi?" in ji shi.

Na ce, "Kawu, ai kun fi ni sani. In kuka yi ta dukan ƙusa da masaba a kan uwar maƙera, ba ta ɗaukar zafi?" Sai ya murza yatsunsa kamar yanzu ta ƙona shi.

Nan na samu ƙofar faɗa masa abin da nake karanta tun farkon zangon nan, wato simentait: ƙwayar zarra uku ta ƙarfe, ɗaya ta kabon (sinadarin da ke cikin gawayi), kabon ɗin kashi 6.67 cikin 100 na nauyinsa. Shi ke sa farin ƙarfen zubi tauri da saurin tsagewa. Kawu ya riga ya san ƙarfen da ya sha gawayi ya fi saurin narkewa, ni lamba kawai na ƙara masa: tsantsarsa sai digiri 1,538, na zubi kuwa wajen 1,150.

Abin da ya sa na damu da simentait shi ne cibiyar duniya, kusan kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙafarmu. Ƙarfe ce, amma tun 1952 masanin kimiyya Francis Birch ya nuna ba ta kai tsantsar ƙarfe nauyi ba, akwai gauraye, kuma kabon na cikin waɗanda ake zato. Matsin can ya ninka na iskar da muke shaƙa sau miliyan ɗaya da ɗoriya. Don a kwaikwaye shi, akan harba faifai daga bindigar iskar gas da gudun kilomita 6 zuwa 7 a daƙiƙa ya daki ɗan guntun ƙarfen. Matsi na hana shi narkewa, zafin dukan na tura shi, har zafin ya yi rinjaye. Duk wannan kafin ƙiftawar ido, ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa.

"To wa ya ga ya narke?"

Na ce da sauti ake ganewa, gudunsa cikin ƙarfen kan faɗi da zarar ya zama ruwa.

Ya yi shiru har muka kai mota. Sannan ya ce, "Ɗan nan, kakanka ma da kunne yake sayen ƙarfe. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara." Ya zaro makullinsa ya buga a jikin turken fitila, ya karkata kai, muka tsaya har amon ya mutu.