Abin da Game Boy da Clash of Clans suka koya min a kan kasuwanci

Da aka ce kowa ya zaɓi masana'anta ɗaya ya yi nazarinta a kwas ɗin dabarun kasuwanci, yawancin 'yan ajinmu bankuna da kamfanonin sadarwa suka ɗauka, ni kuwa sai na ɗauki harkar gem, wato na'urorin gem na hannu da kuma gem ɗin dabarun yaƙi na waya. Dama ina buga su, kuma na daɗe ina son in gane me ya sa wani gem ɗin in ka kai ƙarshensa sai ka ajiye da farin ciki, wani kuma ba shi da ƙarshe sam, kullum yana kiran ka ka dawo ko da ba daɗinsa kake ji ba. Amsar da na samu ita ce hanyar da kuɗi ke shigo wa kamfani ita ke tsara yadda gem ɗin zai kasance, tun daga batir har maɓallin da za ka danna.

Da Game Boy na fara. Nintendo ta fitar da ita a Japan a watan Afrilun 1989 kan yen 12,500, a Amurka kuma wajen dala 90 tare da gem ɗin Tetris a cikin kwalin. Sikirin ɗinta ba kala, wani kore-kore ne kawai mai inuwa 4, babu ma fitila a ciki, in duhu ya yi sai ka nemi haske. A 1989 ɗin nan Atari ta fito da Lynx mai kala, a 1990 kuma Sega ta kawo Game Gear, ita ma mai kala da haske, duk wanda ya jera su ukun a kanti zai ce Game Boy ce koma baya. To amma Game Gear batir 6 take ci kuma cikin awa 3 zuwa 5 sun mutu, Game Boy kuwa batir 4 ne kuma sai ka yi awa 15 ko fiye kana bugawa. Yanzu ka sa kanka a matsayin uban da zai riƙa sayen batir ɗin nan, ko yaron da ke cikin doguwar tafiya a mota sikirin ya ɗauke masa ana tsakiyar wasa. Game Boy da ƙanwarta Game Boy Color sun sayar da sama da miliyan 118, Game Gear kuwa wajen miliyan 10 ta tsaya.

Gunpei Yokoi, injiniyan da ya jagoranci aikin Game Boy, aƙidarsa ita ce a ɗauki fasahar da ta riga ta tsufa ta yi araha a nemo mata sabon amfani. Wannan ya shiga raina sosai gaskiya, don a aji ana yawan nuna mana cewa sabon abu shi ke cin kasuwa, amma mutumin nan abin da ya duba shi ne a ina mai sayen zai zauna ya buga, tsawon wane lokaci, kuma nawa ne a aljihunsa. Kuma arahar na'urar tana da dalili, kuɗin gaske a kaset ɗin gem yake, duk kaset ɗin da aka sayar ko na wani kamfani ne Nintendo tana da kasonta na lasisi, saboda haka burinta na'urar ta shiga hannu da yawa ta kuma daɗe. Shi ya sa da Pokémon ya fito a 1996, shekara 7 bayan fitowar na'urar, sai ya tarar da miliyoyin yara riƙe da ita, ga kebul ɗin da ake haɗa biyu a yi musanya, kasuwa ta sake tashi.

Labarin ya maimaita kansa a 2004 tsakanin DS ta Nintendo da PSP ta Sony. PSP ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, har fim ake kallo a kanta, kuma ba ta faɗi ba fa, ta sayar da wajen miliyan 80. Amma DS da sikirin biyu da ɗan alƙalamin taɓawa ta jawo mutanen da ba su taɓa ɗaukar kansu 'yan gem ba, da irin su Nintendogs da Brain Age, ta kai miliyan 154.

Inda na fi daɗewa shi ne 2011, don a nan ne ƙasa ta fara zamewa. 3DS, magajiyar DS, ta fito a kan dala 249.99, mutane suka ƙi saye yadda aka zata, cikin 'yan watanni a Agusta aka zabge farashin zuwa 169.99, har ana sayar da ita da asara. Shugaban kamfanin na lokacin Satoru Iwata ya rage rabin albashinsa, waɗanda suka saya da tsada kuma aka ba su tsofaffin gem 20 kyauta don a wanke musu rai. Ni wannan ya burge ni wallahi, ba su tsaya jayayya da kasuwa ba, kuma ba su manta da waɗanda suka fara yarda da su ba. Da Super Mario 3D Land da Mario Kart 7 suka fito a ƙarshen shekarar sai na'urar ta miƙe, ta ƙare da kusan miliyan 76. Vita ta Sony kuwa da katin memori nata na musamman mai tsada da ƙarancin manyan gem ba ta farfaɗo ba, aka daina ƙera ta a 2019.

Abin da ya canja shi ne waya. App Store, shagon manhajojin waya na Apple, ya buɗe a 2008, a 2009 Apple ta ba da damar a riƙa sayar da abubuwa a cikin manhajar da aka sauke kyauta, daga nan lissafi ya juye gaba ɗaya. Mai yin gem na waya ba ya buƙatar ya sayar maka da na'ura, tana aljihunka, ba ya ma buƙatar ka biya kafin ka fara. Supercell, wani kamfani a Helsinki ta ƙasar Finland da aka kafa a 2010, ya fitar da Clash of Clans a 2012, zuwa 2016 Tencent ta ƙasar China ta jagoranci sayen kusan kashi 84 cikin 100 na kamfanin kan dala biliyan 8.6, kamfanin da gem ɗinsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba a lokacin.

Don in gane daga ina kuɗin nan suke fitowa sai na buɗe sabon asusu a Clash of Clans na riƙa rubuta duk abin da ya faru. A farko komai sauri, ka gina bango ko igwa cikin daƙiƙoƙi, ka kai hari ka kwaso zinariya, daɗi kamar me. A hankali sai agogon da ke saman ginin ya fara tsawo, minti ya koma awa, awa ta koma kwana, maginanka biyu duk suna kan aiki, zinariya ta cika ma'aji kuma ka san in ka bar ta wani zai zo cikin dare ya kwashe. A daidai wannan lokacin ne maɓallin nan yake zaune a ƙasan sikirin yana nuna maka duwatsu nawa, wato kuɗin cikin gem ɗin da ake saye da kuɗin gaske, za ka biya aiki ya ƙare yanzu-yanzu. To ashe abin da ake sayarwa shi ne kuɓuta daga jira, kuma jiran nan su suka ƙirƙire shi da hannunsu. Sannan ga ƙungiya, in an shiga yaƙin ƙungiyoyi kana da hari biyu kuma mutane suna jiran ka, ba ka son a ce kai ka ja musu faɗuwa, kunya ma sai ta zama wani ɓangare na tsarin.

Ba wai ina cewa gem ɗin ba shi da kyau ba ne, akwai dabara ta gaske wajen tsara gari da sanin ta ina za ka saki mayaƙa, kuma Supercell sun shahara da kashe gem ɗin da suka gwada a 'yan ƙasashe irin su Kanada suka ga bai kai ba, wanda ba kowane kamfani ke da zuciyar yin haka ba. Amma ka kwatanta da Advance Wars na 2001 a kan Game Boy Advance, inda ka riga ka biya kuɗin kaset, duk birnin da ka kama yana ba ka kuɗin sayen tanka a cikin wasan, in an ci ka da yaƙi babu abin da za ka saya, sai dai ka sake tunani. Wanda ya tsara shi ba ya cin ribar komai in ya ɓata maka lokaci, ribarsa ka gamsu ka sayi na gaba.

Misalin da ya fi fito min da abin fili kamfani ɗaya ne ya yi duka biyun. Nintendo ta ƙulla yarjejeniya da DeNA, wani kamfanin gem ɗin waya na Japan, a 2015 ta shiga waya, a Disamban 2016 ta saki Super Mario Run, ka buga farkonsa kyauta sannan ka biya dala 9.99 sau ɗaya shi kenan. An sauke shi sama da sau miliyan 200 amma kamfanin da bakinsa ya ce ribar ba ta kai yadda ya so ba. A Fabrairun 2017 sai ga Fire Emblem Heroes, an matse fagen yaƙin ya dace da sikirin ɗin waya, mayaƙa 4 kawai, amma sababbin jarumai ta hanyar ƙuri'a ake samun su, ka biya ba ka san wa zai fito maka ba. Shi ne ya zama gem ɗin wayar da ya fi kawo wa Nintendo kuɗi, an ƙiyasta ya wuce dala biliyan 1. Wannan ya dame ni, kuma na rubuta haka a rahotona, domin a irin wannan tsarin 'yan tsiraru ne ke kashe mafi yawan kuɗin, kuma a cikinsu akwai yara da waɗanda ba sa iya tsayar da kansu. Hukumomi ma sun lura, Japan ta hana wani nau'in ƙuri'ar a 2012, Beljiyam kuma a 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a a matsayin caca, har Nintendo ta janye Heroes daga ƙasar a 2019.

Malaminmu ya tambaye ni to in waya ta kwashe kasuwar masu buga gem na minti biyar, me ya hana na'urar hannu mutuwa? Amsar da na ba shi ita ce Switch. Bayan na'urar gida ta Nintendo mai suna Wii U ta tsaya a miliyan 13 da ɗoriya, a Maris 2017 Nintendo ta haɗe na'urar gida da ta hannu wuri ɗaya kan dala 299.99, duk masu yi mata gem suka koma aiki a kan na'ura guda maimakon a raba su gida biyu, ta bar wa waya gajerun wasanni ta riƙe abin da waya ba ta iya bayarwa da kyau, dogon gem da maɓallai na gaske ba tare da wani ya tare ka yana neman kuɗi a tsakiya ba. Ta sayar da sama da miliyan 150, Valve ma ta biyo da Steam Deck a 2022 don masu gem ɗin kwamfuta. Sai dai Switch 2 ta fito a Yunin 2025 kan dala 449.99, ta yi nisa da tunanin Yokoi na araha, kuma abin da nake bibiya yanzu ke nan, ko iyayen da suka saya wa kowane yaro DS tasa za su iya yin haka a wannan farashin ko kuwa yaran za su ƙare a kan waya.