Gwajin Albasa: Yadda Ake Gano Ko Jiƙon Magani Na Lalata Kromosom

Kafin a kai ga gwada magani a jikin ɓera, gwaji mafi arha da ake yi wa jiƙon ganye ko sassaƙe shi ne na saiwar albasa. Albert Levan ne ya fara shi a 1938, Geirid Fiskesjö ta daidaita tsarinsa a 1985. An zaɓi albasa ne saboda kromosom ɗinta, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, 16 ne kacal, kuma manya ne, ana ganinsu sarai a maikroskop na talakawan ɗakunan gwaji.

Daga sayen albasar ake fara yin kuskure. A wasu ƙasashen ana fesa mata maganin hana tsiro don ta daɗe a ajiye, irin wannan ba za ta fid da saiwa yadda ake so ba. Busasshiyar albasar Aliero ko ta Galmi ta wadatar, a zaɓi ƙanana masu girma ɗaya. A ɓare busasshen ɓawon, a kankare tsohuwar saiwa a hankali kada a ji wa gindin rauni, domin daga nan sabuwar za ta fito. Sai a ɗora kowace a bakin ƙaramar kwalba, gindin kaɗai ke taɓa ruwa, a ajiye a duhu kwana biyu har saiwar ta kai santimita 1 zuwa 2.

Daga nan a mayar da su cikin jiƙon, na maɗaci ne, na sabara ko na darbejiya, a matakan ƙarfi kamar biyar, kowane mataki albasa biyar. Dole a bar rukuni ɗaya a ruwa zalla, wani kuma a sinadarin da aka san yana ɓata kromosom. Idan da giyar etanol ko sinadarin narkarwa na DMSO aka narkar da maganin, shi ma wannan ruwan narkarwa yana buƙatar nasa rukunin, in ba haka ba laifinsa zai hau kan ganyen. A riƙa sauya jiƙon kowane awa 24. A zafinmu kwana ɗaya ya isa ya fara tsami da fumfuna.

Bayan awa 48 a yanko kan saiwar, milimita 2 zuwa 3, a jefa cikin haɗin etanol kashi uku da tsantsar asid asetik kashi ɗaya, ya kwana. A tausasa shi cikin asid haidrokulorik mai ƙarfin 1N a zafin digiri 60 na kimanin minti biyar, a rina da aseto-osin, a rufe da siririn gilashi a danna da babban yatsa. Danna kawai, ban da murzawa. Murzawa na tsinka kromosom, mai kallo ya ɗauka aikin maganin ne. In kuma asid ɗin ya wuce lokaci, ƙwayoyin halittar saiwar sukan narke, rinin ya ƙi kamawa.

Ana ƙirga ƙwayoyi wajen 1,000 a kowane gilashi, a fitar da kason waɗanda ke cikin rabuwa. Sannan a nemi alamun ɓarna: zaren kromosom da ya miƙe kamar gada tsakanin ɓangarori biyu masu rabuwa, wanda aka bari a baya shi kaɗai, waɗanda suka manne kamar danƙo, da ɗan ƙaramin ɗigo a gefen cibiyar ƙwayar.

A nan ne rahotanni da yawa ke zamewa. Gajartar saiwa ba hujjar lalacewar kromosom ba ce. Jiƙo mai kauri, musamman na sassaƙe mai yawan tanin (sinadarin da ke sa bauri), yana iya tsotse ruwan saiwar ko ya sauya tsamin ruwan, girma ya tsaya. In ƙarfin ya kai inda rabuwa ta tsaya cak, ba sauran abin ƙirgawa ma. Shi ya sa ake fara neman ƙarfin da ke rage tsawon saiwa da rabi, sannan a yi gwajin kromosom a wannan matakin da rabinsa da rubu'insa.

Albasa dai ba ta da hanta ko ƙoda, ba ta sarrafa magani kamar jikin mutum. Abin da ta nuna ishara ce, sai a bi shi da gwajin Ames (mai gano sinadarin da ke sauya ƙwayoyin gado) a ƙwayar cutar Salmonella da na ɓargon ɓera. Kuma daɗewar magani a hannun jama'a ba ta wanke shi: tsiron Aristolochia, dangin dumandutse, ya shekara ɗaruruwa ana sha kafin a gano a Beljiyam, farkon shekarun 1990, cewa yana kashe ƙoda, daga baya kuma aka tabbatar yana jawo kansar hanyar fitsari.