Ƙafa Takwas: Yadda Girman Kai Ya Cinye Gidan Su Frankenstein

Waɗanda fim kawai suka kalla suna ɗauka laifin Victor Frankenstein shi ne neman ilimin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Littafin Mary Shelley mai suna Frankenstein, wanda ya fito a Landan a 1818 babu sunan marubuciya a jikinsa, ya nuna ɓarnar a ƙananan shawarwari ne, kowace da girman kai a ƙarƙashinta.

Victor ɗan Jeniba ne, ya tafi jami'ar Ingolstadt a ƙasar Jamus yana ɗan shekara 17. Da ya gano yadda zai sa matacce ya motsa, sai ya yanke cewa abin da zai haɗa ya kai ƙafa takwas a tsaye. Dalilinsa kuwa, ƙananan gaɓoɓi da jijiyoyi suna cin lokaci, shi kuma sauri yake yi. Ke nan hannun da daga baya ya shaƙe ƙaninsa William, rashin haƙuri ne ya ba shi wannan girma. Kusan shekara biyu yana kwasar kaya daga makabarta da ɗakin fiɗar gawa da mayanka, ko wasiƙa ya daina aikawa gida. Abin da yake hange shi ne sabon jinsi da zai riƙa gode masa fiye da godiyar ɗa ga uba. Wani dare a watan Nuwamba, wajen ƙarfe ɗaya, abin ya buɗe ido, ido rawaya mai ruwa-ruwa. Victor ya ga muni, ya ranta a na kare. Bai tanadar masa suna ba, balle abinci ko tarbiyya.

Sai shiru ya biyo baya. Bayan kisan William, aka sami hoton da yake rataye da shi a aljihun Justine, yarinyar da ke hidima a gidan. Victor ya san mai kisan, amma ya kame bakinsa a kotu don kada a ce ya haukace, har aka zartar mata da hukuncin kisa.

A ganina, wurin da Shelley ta fi nuna gwaninta shi ne daren aure. Bayan Victor ya wargaza macen da ya fara haɗa wa dodon a tsibiran Orkney, dodon ya ce masa za su haɗu a daren angwancinsa. Kowane mai karatu ya gane amarya ake nufi, tun da mace aka hana shi. Victor kaɗai bai gane ba, domin bai taɓa tunanin akwai wanda ya isa a yi hari a kansa in ba shi ba. Ya ɗauki bindiga da wuƙa, ya tura amaryarsa Elizabeth ɗaki ita kaɗai a masaukinsu na Evian, yana sintiri yana jiran faɗa. Ihunta kawai ya ji. Mahaifinsa ma baƙin ciki ya kashe shi ba da jimawa ba.

Irin wannan ciwon ne a littafin The Monk na Matthew Lewis, na 1796, sai dai can taƙamar da tsoron Allah ce. Ambrosio, malamin addinin Kirista da labarin ke kansa, bai taɓa fita daga gidan ibadarsa a Madrid ba, saboda haka tsarkin da yake alfahari da shi bai taɓa haɗuwa da jarrabawa ba.

Mutane da yawa na cewa Victor ya tuba a ƙarshe. Ban yarda ba. A jirgin ruwan Walton, mutumin da ya ceci Victor, da ƙanƙara ta tare su a hanyar ƙarshen arewacin duniya, ma'aikata sun nemi a juya gida, Victor kuma yana kwance rai a hannun Allah ya tashi yana zuga su su ci gaba. Ya gargaɗi Walton da ya guji dogon buri, bai rufe baki ba ya ƙara da cewa wataƙila wani zai yi nasara inda shi ya faɗi. Mai son ganin wannan hali ƙarara ya nemi bugun 1818, domin a na 1831 Shelley ta gyara wurare da dama, ta jingina abubuwa da yawa ga ƙaddara.