Daga Liyon zuwa Maradi: awa talatin a kan hanya

Mako uku na yi a Liyon, ƙasar Faransa, wajen abokai, a watan Disamba. Dawowa ita ce ta fi zuwa aiki, saboda tafiya biyu ce a haɗe: ta jirgi zuwa Yamai, da ta kar, wato babbar motar fasinja, daga Yamai zuwa Maradi, kilomita wajen 660. Kowace da irin ɗaurin kayan da take so, kuma wanda ya shirya wa jirgi kaɗai zai gane kurensa a tasha.

Kwana biyu kafin tashi na fara awon kaya. Biyen jirgi, wato tikitin da na saya, ya ba ni akwati biyu, kowane kilo 23, ban da jakar hannu. Ba a haɗa lissafin: idan ɗaya ya kai 26 ɗaya 20, na 26 ɗin za a ce ka rage ko ka biya. Da sikelin banɗaki na auna, na hau riƙe da akwati, na sauka na hau ni kaɗai, na cire bambancin, sannan na bar rarar kilo guda domin sikelin gida ba ya cika dacewa da na filin jirgi. Abin da ke ɓata lissafi shi ne saƙo. Duk wanda ya ji za ka gida yana da ƙunshin da zai ba ka, na Hajiya, na yara, na amarya. Na karɓa, amma kowane sai da aka buɗe shi a gabana, mai shi yana tsaye. Wannan ba rashin yarda ba ne. Abin da aka samu a akwatinka naka ne a wurin duwan, wato jami'an kwastam, ko wa ya ba ka. Magunguna kuma na nemi a haɗo su da takardar likita.

Turare da man shafawa suna shiga babban akwati, don a jakar hannu ba a wuce da kwalbar da ta fi mililita 100. Na naɗe bakin kowace kwalba da salatif, na sa ta leda biyu, na cusa tsakiyar tufafi. Batirin cajin waya akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, ba a yarda da shi cikin kayan da ke shiga ƙasan jirgi. A jakar hannun na sa fasfo, kartidante (katin shaidar ɗan ƙasa), katin rigakafin shawara mai launin ɗorawa, layin wayata na Nijar, da kaya kala ɗaya na canji.

Daga tashar Part-Dieu jirgin ƙasa ya kai ni filin Saint-Exupéry cikin rabin awa. Zuwa Kasabalanka kusan awa uku ne. A filin Mohammed V na yi jira mai tsawo, kuma da gangan na zaɓi hakan lokacin sayen biye. Idan tsakanin sauka da tashi bai kai awa biyu ba, kai za ka iya gudu ka kama jirgi, akwatinka ba ya gudu. A can na haɗa Magariba da Isha'i. Agogo bai ba ni wahala ba, don a Disamba Faransa da Maroko da Nijar lokacinsu ɗaya. Da rani Faransa tana gaba da mu da awa guda, Maroko kuma tana mayar da agogonta baya da awa guda cikin azumi, saboda haka mai tafiya a waɗannan lokutan ya bi agogon filin jirgi.

Dare ya raba sosai muka sauka filin Diori Hamani. Katin rigakafi aka fara dubawa, sannan 'yan sanda, sannan wurin kaya. Nan ƙaramar takardar da aka manna maka a bayan biye take amfani, wadda ke ɗauke da lambar akwati. Wani dattijo da muka taho tare akwatinsa ɗaya bai fito ba, ya kama hanyar ƙofa yana cewa gobe ya dawo. Na ce, "Baba, kada ka fita. Mu je a rubuta maka takardar ɓatan kaya yanzu, ka ba su lambar wani naka da ke Yamai." In ka fita ba tare da wannan takarda ba, neman ya yi wuya, ga shi kai gobe kana Maradi, mai karɓar maka sai da ita a hannu.

Wannan gaɓa ta tsakanin sauka da asuba ita ce ta fi buƙatar shiri. Motocin gabas da sassafe suke tashi, kafin gari ya waye, kuma ana son fasinja ya riga lokaci saboda awon kaya. Tun ina Liyon na sa wani ɗan'uwa ya saya mini biyen kar, ya kuma zo filin jirgi da mota. Na riƙe jika goma a ƙananan takardu tun daga gida, don ƙarfe uku na dare ba lokacin neman canji ba ne. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne a ƙa'ida, mai canji kuwa sai ya cire nasa.

A tasha aka sake auna akwatunan, na biya kuɗin abin da ya haura, aka manna musu lamba. Yaron mota ya ce, "Alhaji, akwai mai fashewa?" Na nuna masa mai turaren, na tsaya har na ga ya sa shi sama da buhuna, nesa da wajen inji. Ƙurar hunturu tana shiga ƙasan mota, shi ya sa ban kwance ledar da aka naɗe akwatunan da ita a Liyon ba. Rigar sanyin Turai ma ban cire ba, ta yi mini rana har bayan Doso. Kuskure ɗaya na yi: cakulan na yara na bar shi a babban akwati, zafin rana da na mota suka mayar da shi dunƙule guda. Wurinsa jakar hannu, cikin sanyin mota.

Hanyar ita ce babbar ta ƙasa mai lamba 1. Mun wuce Kure, yankin raƙuman dawa, da duhu-duhu, sai Birnin Gaure da Doso. Daga Dogon Dutsi kunne ya fara cika da Hausa. A shingayen jami'an tsaro ana neman takardu, wani wurin a sauko da kowa, don haka kartidante a aljihun gaba ya kamata ta zauna. A Birnin Ƙonni aka tsaya cin abinci, kuma tsayuwar ba ta da tsawo: alwala da banɗaki tukuna, abinci daga baya, ka kuma haddace lambar motarka domin masu fenti iri ɗaya sukan jeru. Bayan awanni da yawa a zaune ƙafa takan kumbura, saboda haka duk inda aka tsaya na sauka na taka, na sha ruwa kaɗan-kaɗan maimakon in ƙi sha don tsoron fitsari.

Bayan mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, sai Galmi da buhunan albasa a bakin titi, sai Madawa, sai Gidan Runji. A Tsibiri na kira gida na ce a turo adaidaita, don akwati biyu masu kilo 23 ba kayan kabu-kabu ba ne. Ana kiran La'asar muka shiga Maradi. Na nuna lambobina, na ƙirga kaya uku, na duba ƙafafun akwatunan, muka nufi unguwar Zariya. Saƙonnin mutane na jera su a kan tabarma da sunan kowa a jiki, na fara kiran masu su bayan Isha'i.