Bel ɗin taimin ba a sa masa gaggawa

Samari yanzu sun koyi kallon bidiyo a waya, su buɗe gaban inji a ƙofar gida su canza bel ɗin taimin da kansu. Ba na hana kowa, amma da dama cikin motocin da ake jawo mini gareji da igiya daga can suke fitowa.

Bel ɗin nan mai haƙora shi ke haɗa kirankshaf, sandar ƙasa da fistin ke juyawa, da kamshaf, sandar sama mai buɗe bawul, na ƙasa ya zagaya sau biyu, na sama sau ɗaya. Haƙori ɗaya ya goce, mota ta rasa ƙarfi ta kama shan mai. In gocewar ta yi yawa, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke kan inji. Camry mai inji 2.2 tana da yafiya, ko bel ya tsinke mutuwa kawai za ta yi a hanya. Honda Accord mai silinda huɗu ta 1998 zuwa 2002 kuwa ba ta yafewa, ga ƙaramin bel na biyu na balansa mai rage girgizar inji, kuma injinta hagu yake juyawa.

A kan Peugeot 504 na buɗe ido da aiki, ita kuwa sarƙa ce a cikinta maimakon bel. Da 406 ta shigo, maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa bel sai ya sa ƙusa ya soke kamshaf da fulawil, faifan ƙarfen bayan inji, sun tsaya cik. Bayan an ɗaura, a cire fulogi, a sa sifana a juya inji da hannu zagaye biyu, a sunkuya da tocila a ga alamomin taimin da ke jikin inji sun koma mazauninsu. Kafin nan makulli yana aljihunsa. Haka nake yi wa yarana har gobe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Kwali mai sheƙi, suna babba, amma ka lanƙwasa bel ɗin ka ji shi kamar busasshiyar fata. Sai kuma mai cewa, "Oga, sa bel kawai, bar tenshina da famfon ruwa." Alhaji, in tsohon tenshina, wato mai ɗame bel, ya cije, sabon bel ɗinka zai yanka, kuma kuɗin aiki biyu za ka biya.

Mai son a yi masa a gida ina zuwa da jak da kayan aikina. Sharaɗina ɗaya: bel da tenshina ni zan zaɓo su da hannuna.