Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Bazarar da Ba Damina a Bayanta

A makon jiya mun tsaya ne a inda kamiyon da ya kwaso mu daga Agadas ya juye mu a tashar Arlit da asubar fari, cikin watan Janairun 1985. To bari in ɗora daga nan.

Sanyi ne ya fara yi mini barka da zuwa. Ni da na tashi a ƙasar Tasawa, duk labarin arewa da na taɓa ji na rana ne da ƙishirwa, don haka riga biyu na zo da su, sai zanen da Inna ta ƙulle mini garin rogo da ƙuli-ƙuli a ciki. Tafiyar kusan kilomita 240 muka yi cikin dare a bisa buhunan siminti, iska tana yankan fuska kamar aska. Da muka sauka, na nemi kwance ƙullin nan in ɗan taɓa wani abu, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Sai da haƙori na kwance shi.

Gari ya fara haske sai ga wani mutum ya nufo ni, ya naɗe cikin bargo, rawani ya rufe komai sai ido. Da murya na gane Kawu ne.

"Ɗan nan, ina bargonka?"

Na durƙusa na gaishe shi, haƙorana suna haɗuwa. Na ce, "Kawu, ai cewa aka yi garin zafi ne."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Zafin yana nan tafe, shi ba ya saɓa alkawari. Amma sai ka rayu tukuna ka gan shi. Tashi mu je."

Wanda bai san Arlit ba, gari ne da ba noma ya kafa shi ba, ba kuma kasuwa ko kogi ba. Dutsen yuraniyom da Faransawa suka gano a ƙarƙashin ƙasar ne ya sa aka kafa shi a 1969, a fili fetal yamma da duwatsun Ayar. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da ma'adinin a 1971 daga manyan ramuka buɗaɗɗu, Cominak kuma ta biyo baya a 1978 a Akokan, 'yar tazara kaɗan, inda kafin a rufe ramin a 2021 ake shiga ƙarƙashin ƙasa zurfin mita 250. Wuta daga tashar kwal ta Sonichar da ke kusa da Cirozerin ake jawo ta. Ruwa kuwa daga rijiyoyin burtsatse masu zurfi, tsohon ruwa ne da ya kwanta tun zamanin da Sahara take da ciyawa, abin da aka ɗiba kuma ruwan sama bai isa ya mayar ba. Hatsi, itace, albasa, har tabarmar da za ka kwanta a kai, duk a mota suke zuwa.

An taɓa yi wa garin kirari da ƙaramar Paris, amma ni ban tarar da wannan zamanin ba. Lokacin da na iso farashin yuraniyom ya riga ya faɗi, ɗaukar ma'aikata ya ja baya, ga mu kuma 'yan gudun yunwar da ake kira El-Buhari muna ta kwararowa daga kudu. Gari biyu na tarar. Akwai unguwannin ma'aikatan kamfani, gidaje a jere, da famfo, da wuta, da kilim mai sanyaya ɗaki, har da 'yan itatuwa da ake ba ruwa. Sai kuma Bukoki, inda Kawu yake, ɗakunan laka da kwali da gwangwanin da aka buɗe aka daddale. Rana ɗaya ce take fitowa bisa unguwannin biyu, amma ba iri ɗaya ake shan ta ba.

Kawu ɗinki yake yi. Ya ce ba shi da keke na biyu, don haka ya samo mini garwa biyu da sanda, na zama ɗan garuwa.

Sanyin hunturu a can ba irin na gida ba ne. Da dare ma'aunin zafi yana sauka ƙasa da digiri 10, ga iskar arewa maso gabas da ba ta da abin da zai tare ta, ba itace, ba dangar kara. In ruwan garwa ya fantsamo maka a ƙafa da asuba, kafin ka kai gidan da za ka juye ya bushe, ya bar fata a tsage. Faso ya kama ni har ina taka jini. Wata tsohuwa da nake kai wa ruwa ita ta tausaya mini, ta narka man kaɗanya da kitse ta ce in riƙa ɗurawa a tsagar kafin in kwanta. Daga nan aka shiga watannin ƙura. Wata rana sai ka ga sararin sama ya yi ja, masu shaguna su hau rufe ƙofa, cikin ɗan lokaci ka daina ganin gidan da ke gabanka. In ta lafa, tuwo da yashi, shayi da yashi, kunne da yashi. Kawu yakan naɗe keken ɗinkinsa cikin bargon da yake rufa da shi, shi ya kwana a takure. Ya ce jiki yana warkewa, keke kuwa sai an kai shi Agadas.

Duk wannan na jure shi ba tare da wani tunani ba. Abin da ya taɓa mini zuciya bazara ce.

Mu a gida zafin bazara yana da ma'ana. In dare ya hana barci, tsofaffi su ce ruwa ne yake dahuwa. Iska ta juyo daga kudu, shamuwa ta dawo ta sauka bisa tsamiya, gawo ya fara zubar da ganye, ana sharar gona ana ƙone sassabe, masu ƙarfin hali su yi binne. Da magariba kowa ya dubi gabas ko zai hango walƙiya. Wahala ce, amma wahalar mai jiran baƙo ce. Da zafin ya kama a Arlit cikin Afrilu, jikina ya ɗauka irin wancan ne. Kullum in na ajiye garwa da yamma sai in tsaya bakin unguwa in zuba wa gabas ido. Babu shamuwa, babu gawo, babu ko gizagizai. Sai duwatsu can nesa suna rawa cikin kawalwalniya.

Akwai wani tsohon Buzu mai gadin wani shago kusa da famfon da muke ɗiba. Ya daɗe yana lura da ni. Ran nan ya miƙo mini ɗan kofin shayi ya ce, "Yaro, kai manomi ne."

Na ce, "Baba, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ba mai kallon gabas da yamma haka sai manomi. Ka huta da wuyanka. Nan zafi ba ya haihuwar komai."

Gaskiya ya faɗa. Ruwan da ke sauka a Arlit shekara guda yawanci bai kai milimita 50 ba, abin da hadari ɗaya mai kyau zai zubar a garinmu tsakanin azahar da la'asar. Wata shekarar ma kusan babu.

Azumin shekarar ya kama a kwanaki goman ƙarshe na Mayu, ya ƙare bayan tsakiyar Yuni, wato tsakiyar wutar ke nan, lokacin da ma'auni yake haura 45. Ku yi tunanin mai azumi da sana'arsa ɗaukar ruwa ce. Yana kaɗawa a gabanka, yana kaɗawa a bayanka, kana jin ƙararsa a garwa tun safe. Zafin can busasshe ne, ba ka ganin gumi. Yana fitowa iska ta lashe shi, sai da yamma ka cire riga ka tarar ta yi tauri, farin gishiri ya zana taswira a baya. Nan haɗarin yake, don mutum yana ƙarewa bai sani ba. Hannun garwa ba ya taɓuwa sai da tsumma. Takalmin roba yana laushi a ƙafa. Wani maƙwabcinmu da ke aiki a ramin Akokan yakan ce su a can ƙasa ba rana ba guguwa, nasu zafin mai gumi ne, amma in suka fito da azahar sai su ji kamar an buɗe musu bakin tanda.

Rana ta shida ta azumi na yi ganganci. Wata mata ta ce in ƙaro mata zuwa biyu za ta ninka mini kuɗi, ni kuwa ina tara abin da zan aika wa Inna. Na cire riga don in ji iska, na saɓa sanda wajen ƙarfe ɗaya na rana. Ban san lokacin da haɓo ya ɓalle mini ba, sai ɗigon jini na gani bisa yashi, daga nan ƙasa ta juya. Na farka a inuwar shagon nan, tsohon yana matse jiƙaƙƙen rawaninsa a wuyana da hammatana. Ruwan garwata duka biyu ya tafi cikin ƙasa, ko danshi bai bari ba.

Bai yi mini faɗa ba sai da na dawo hayyacina. Ya ce, "Ku mutanen kudu in kun ji zafi sai ku tuɓe. Ka taɓa ganin an bar tulu ba marfi a rana?" Shi ya koya mini zaman garin. Tufa mai faɗi a rufe jiki duka, rawani a rufe baki da hanci don numfashi kansa yana tafiya da ruwan jiki. Aiki daga bayan sahur zuwa hantsi, sannan a nemi inuwa a kwanta kamar gawa, ko magana a rage, sai la'asar sakaliya. Ya nuna mini yadda ake ɗinke jarka cikin buhun algarara, a jiƙa, a rataye inda iska ke bi. Iskar nan da ke gasa mutum ita ce take sanyaya ruwan, kafin a sha ruwa ya yi sanyi kamar na randa. Har yau ban sha ruwan firji da ya kai wannan daɗi ba, ko da yake na san ƙishirwa ce take ƙara masa gishiri.

Shi ya sa da samarin garinmu suka fara tururuwa zuwa haƙar zinariya a Jado da Cibarakatan daga 2014, duk wanda ya zo yi mini sallama nakan ce ya fara tambayar kuɗin jarkar ruwa kafin ya tambayi kuɗin giram. Kaɗan ne suke saurara, ni ma da ban saurara ba.

Sai cikin Agusta na ga hadari. Da la'asar ya taso daga wajen Ayar, jan bango na ƙura a gaba, baƙi a bayansa. Ƙurar ta daɗe tana dukanmu, sannan aka ji ɗigo bisa gwangwani, ƙwas, ƙwas, sai ya ɓarke. Ƙamshin ƙasa ya tashi, ni kuwa hawaye suka zubo mini, don ƙamshin gonar Baba ne sak. Yara suka fito tsirara suna ihu. Manya kuwa ba murna suke ba, kowa ya ruga ceton kayansa, domin ɗakin Bukoki ba don ruwa aka gina shi ba. Rufin Kawu ya jiƙe ya lotsa, muka tsaya mu biyu riƙe da tabarma bisa keken ɗinki. Kafin a kira magariba an ɗauke. Na tsinci kaina ina tona ƙasa da yatsa, kamar yadda Baba yake yi don ya ga ko ta isa shuka. Gaɓa ɗaya ta yatsa, ƙarƙashinta busasshen yashi mai ɗumi.

A satin nan ne wani direba ɗan wajenmu ya kawo mini saƙon Inna. Ta ce damina ta yi kyau bana, irin da aka samu aro ya kama, gero ya fara fitar da kai, amma Baba ba lafiya, ba kuma hannun da zai yi girbi. In ina da hali in taho kafin kaka.

A daren, muna zaune a waje don ɗakin bai bushe ba, Kawu ya ce, "Ɗan nan, dama ina da magana. Akwai wani ɗan kwangila da ke ɗaukar leburori farkon wata, na yi maka magana ya amsa. Albashi ne duk wata, ba garuwa ba. Amma in ka tafi, ba zai ajiye maka gurbi ba."

Na yi shiru, saƙon Inna yana kunnena, jarkar ruwa tana ɗiga a jikin gungumen da muka rataye ta. Kawu ya ce in kwana da maganar, da safe yana son amsa, don direban jibi zai juya.

Amsar da na ba shi, da abin da ta jawo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.