Kafin ka ce had disk ya mutu, leƙa BIOS tukuna

Yawancin kwamfutocin da muke saya ƴan hannu ne, ofisoshin Turai da Amurka sun gama cin moriyarsu aka tattaro aka kawo mana, kuma sau da yawa saitin can ciki, wato BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, yana nan yadda masu ita na farko suka bar shi. Wani kamfanin kashe USB yake yi don kar ma'aikata su kwashe masa bayanai a filash, wani kyamara yake kashewa. Sai ka saya ka soka filash ka ji shiru, ka ce ai ramin ya ƙone, alhali Disabled kawai aka sa masa.

Shiga BIOS ba wuya, da ka kunna ka ringa danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, ThinkPad F1, irin desktop ɗin da ake haɗawa kuma galibi Del. Tsofaffin BIOS masu shuɗin allo Integrated Peripherals suke kiran wajen kunnawa da kashe ramuka, sababbi kuma ka duba Advanced ko System Configuration. A nan za ka ga USB, sauti, ramin wayar intanet, da su COM1 da LPT1 na tsofaffin firinta. Waɗannan biyun in ba ka amfani da su ka kashe abinka, sai dai in kana da na'urar da har yanzu da COM take aiki.

Amma inda ake shan wahala na gaske shi ne SATA Mode, wato saitin yadda kwamfuta take magana da disk. Zaɓi uku ne yawanci, IDE, AHCI, RAID. IDE kwaikwayon tsohon tsari ne, an bar shi ne saboda irin su Windows XP da ba ta zo da direban AHCI ba, wato manhajar da ke sa Windows ta gane wannan tsarin. AHCI shi ne daidai ga mai disk ɗaya, musamman in SSD ka sa. RAID kuwa asali na haɗa disk biyu ko fiye ne, amma Dell da yawa a RAID On suke fitowa ko da disk ɗaya ne a ciki, shi ya sa za ka ga mutum zai sa Linux ko sabuwar Windows ya zo wajen zaɓen disk ya tarar wayam, babu komai, hankalinsa ya tashi ya fara tambayar kuɗin sabo. Laptop masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama ma haka suke yi saboda VMD, wani saitin Intel na sarrafa disk, ko dai ka kashe shi a BIOS ko ka ɗora direbansa, Intel RST, a filash ɗin da kake sa Windows da shi.

To fa a nan a yi hattara. In Windows tana kai tana aiki, kar ka je ka canza daga IDE ko RAID zuwa AHCI haka kawai don wani ya ce ya fi sauri, allon kuskure za ta ba ka da rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, a Windows 7 kuma lambar 0x0000007B. Fayilolinka suna nan lafiya lau, direban ne bai tashi ba, ka mayar yadda yake ta dawo. In lallai sai ka canza a Windows 10 ko 11, shiga msconfig, manhajar saitin tashin Windows, ka zaɓi Safe boot, ka yi ristat ka canza a BIOS, ta tashi a Safe Mode ta ɗauki direban da kanta, sannan ka cire Safe boot ɗin. Mai BitLocker, tsarin da Windows take kulle disk da shi, ya tabbatar makullinsa na hannu kafin ya taɓa komai, don Windows tana iya tambayarsa.

Ni dai ra'ayina duk mai gyaran da ya ce maka disk ya mutu bai ko shiga BIOS ya duba ba, karɓi kayanka ka yi gaba. Kuma ka ɗau hoton kowane shafi da waya kafin ka canza, F10 ce ke adanawa a yawancinsu. In kuma ka gyara saitin yana ta komawa yadda yake duk sanda aka ɗauke wuta, agogo ma ya rikice, to ƙaramin batirin nan ne na kan bod, CR2032, ya mutu, sai a canza shi a sake saitin.